Motar Dakta Ta Daina Sanyi

Minna, 14 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin hawan jininta yana cikin ledar da ke tare da wannan takarda. Matata Zulai'atu ta ce mini a waya ƙafafunta sun fara kumbura, cikin ya shiga wata bakwai. Don Allah in ka bi ta gidan ka duba ta, ka san ba ta faɗin ciwo.

Na rubuto ne saboda na san kunnenka ba ya ɗaukar magana a waya. Andrew, direban nan ɗan Ngaski, yana kawo bandar kifi Minna duk Talata da Asabar, ya ce zai riƙa kai mana takarda yana kawowa.

Kawu, matsala ce ta same ni a wurin aiki. Motar jif ta Dakta Saratu da nake tuƙawa shekara huɗu ke nan, esinta ya daina sanyi yadda ya kamata. Sau uku ina kai ta gareji, sau uku ana ce mini gas ne. A ƙara, mu fito da sanyi kamar firji, bayan kwana biyu abin ya dawo. Ranar Juma'a muna dawowa daga Bida gumi ya jiƙa mata mayafi. Ba ta yi faɗa ba, ba mai faɗa ba ce. Cewa kawai ta yi, "Umaru, da Babbar Sallah zan kai Hajiyata gida Birnin Kabi. Tsohuwa ce mai ciwon zuciya, ba zan sa ta a tanda ba. In motar nan ba ta gyaru kafin lokacin ba, zan sayar da ita in sayi ƙarama, in riƙa tuƙa kaina."

In ta sayi ƙarama ni ba ni da aiki, ga haihuwa tafe. Kai ne ka karanta aikin sanyi, ka riƙe gidan sanyin masunta na Wara shekara da shekaru. Ka taimake ni da abin da ka sani.

Ɗanka,
Umaru

Yelwa, 17 ga Mayu

Umaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwadon lafiyar tsofaffi. Gwiwa tana nan, ba ta tafi ba, ba ta bar ni na tafi ba. Innarka ta karɓi magani, ta sa maka albarka har muryarta ta dushe. Na je na ga Zulai'atu, na tarar da ita tana daka, na karɓe taɓaryar na jingine a bayan ƙofa. Na sa sun je awo jiya Alhamis, an ce lafiya lau, ta rage gishiri ne kawai. Ruwa ya sauka sau biyu a nan, garin ya yi gumi, rigar mutum ba ta bushewa a jikinsa.

Na karanta takardarka sau biyu. Rabon da wani ya tambaye ni aikin sanyi na manta, in ban da masu sayar da ƙanƙara da ke kawo mini firjin da suka riga suka kashe da hannunsu. Takardun shaidata suna cikin akwati, gara ta ci rabi, kuma ita kaɗai ce ta taɓa amfana da su a garin nan.

To saurara. Gas ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu, shekara goma ma yana nan. In ya ragu akwai huda, sai a nemi hudar. Wanda ya ƙara maka gas sau uku bai nemi huda ba, ko jahili ne ko macuci, kuma a zamanin nan mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun. Kada ka sake kai musu motar sai na ce.

Ka rubuta mini "ba ta sanyi". Wannan kuka ne, ba bayani ba. Uwar ɗakinka likita ce, je ka tambaye ta ko tana ba da magani don mutum ya ce mata "ba ni da lafiya". Ina son in san ko iskar tana fitowa da ƙarfinta amma da ɗumi, ko kuwa iskar ce kanta ke raguwa. A tsaye cikin cunkoso abin ya fi muni, ko a kan doguwar hanya? Tun tashin farko, ko sai an jima ana tafiya?

Sannan ka buɗe bonet, injin yana aiki, esi a kunne. Za ka ga bututun ƙarfe biyu sun shige jikin motar ta ƙarƙashin gilashin gaba. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi yana raɓa kamar randa, siririn ya yi ɗumi. Taɓa su da bayan hannu, ka janye hannun rigarka daga bel. Duba ko fankar gaba tana juyawa. Akwai wata raga a gaban lagireto, ita ke fitar da zafin da aka kwaso daga cikin motar. Leƙa ka ga ko ƙwari da ƙaiƙayi sun toshe ta, in sun toshe ka wanke ta da ruwa a hankali. Akwai kuma matatar iska a bayan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman gaba. Na tabbata tun da aka sauke motar daga jirgi ba wanda ya ciro ta. Ciro ta ka gani.

Abin da ka gani za ka rubuto, ba abin da kake zato ba. Zato na masu gareji ne.

Ka daina sa maganin Innarka leda ɗaya da takarda, Andrew yana ɗora su a kan kwandon kifi. Takardarka har yanzu kyanwa na bin ta.

Kawunka,
Sahabi

Minna, 21 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai da zuwa wurin Zulai'atu. Ta ce tun ranar ba wanda ya isa ya ɗauko taɓaryar nan, wai kai ka jingine ta. Ni lafiyata ƙalau, sai mura kaɗan.

Na yi duk abin da ka ce. Matatar iskar da na ciro baƙa ce ƙirin, kamar an share murhu da ita, har da ganyen darbejiya a ciki. Na sa sabuwa. Ragar gaban lagireto ma na wanke ta, ruwan da ya fito ja ne. Fanka tana juyawa. Iskar ta ƙara ƙarfi, na yi murna na ɗauka an gama. Ashe da sauran aiki.

Ga abin da na lura. A cikin gari, daga gida zuwa asibiti, lafiya lau. Ranar Lahadi muka tafi Suleja. Rabin awar farko sanyi har Dakta ta ce in rage. Daga nan sai iskar ta fara ja baya. Fankar ciki tana ihu kamar za ta tashi sama, amma in ka sa hannu a bakin ramukan, ɗan numfashi ne kawai ke fitowa. Ba ɗumi ne da shi ba, ƙarfi ne babu.

Wani abin mamaki kuma, in muka tsaya sallah muka dawo, sai ta koma sabuwa. Mun tsaya azahar a wani masallaci na bakin hanya, da muka tashi sanyi ya dawo sosai. Dakta ta yi dariya ta ce, "Umaru, motar nan ta fi mu son sallah, in ba a tsaya ba fushi take yi." Kuma a wurin da muka tsaya ruwa ya zuba ƙarƙashinta da yawa, har wani mai sayar da rake ya ce mini, "Direba, lagiretonka ya fashe." Na duba, lagireto cike yake.

Bututu mai kauri, a gida raɓa yake yi kamar yadda ka ce. Amma da muka isa Suleja na buɗe bonet ban kashe injin ba, sai na gan shi fari fat, kamar an barbaɗa masa gishiri.

Saura kwana ashirin da 'yan kai Sallah. Jiya wani dillali ya zo gidan ya zagaya motar yana buga tayoyi da ƙafa.

Ɗanka,
Umaru

Yelwa, 24 ga Mayu

Umaru,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Murar nan daga esin ne, ka karkatar da ramin da ke hura maka fuska.

Yau na yi dariya ni kaɗai a zaure har maƙwabcina ya leƙo. Wannan ita ce takarda! Da haka ka rubuta tun farko da ba mu ɓata mako guda ba.

Motarka ba rashin sanyi ke damun ta ba, sanyi ne ya yi mata yawa. A cikin dashbod akwai wata ƙaramar raga, ita ce ke yin sanyi, fanka ta hura iska ta cikinta zuwa gare ku. Iskar damina ruwa ne da ita. In ragar nan ta yi sanyi fiye da kima, ruwan sai ya daskare a jikinta, ƙanƙara ta yi ta hawa har ta rufe hanyar iska. Shi ya sa fanka ke ihu ba abin da ke fitowa. In kun tsaya sallah ƙanƙarar ta narke, ita ce ruwan da mai rake ya gani. Ka gaya wa Dakta motar ba waliyyiya ba ce.

Ka gwada da kanka. Da zarar iska ta ragu a hanya, kashe maɓallin esin kawai, ka bar fanka tana aiki. In cikin minti biyar iska ta dawo da ƙarfi, magana ta ƙare.

Saura dalili. Masu ƙera mota sun san da wannan, sun sa wata 'yar sensa a jikin ragar. In sanyi ya kusa daskarar da ruwa sai ta yanke kwamfuresa, wato injin esin, ya huta, in ya sassauta ta mayar da shi. Tsaya gaban motar da agogo minti goma, esi a kunne, fanka a ƙasa. Ya kamata ka ji ƙas, ya tsaya, an jima ƙas, ya kama. Ni yanzu ko bindiga aka harba a gaban bonet ba zan ji ba, amma kai kunnenka sabo ne. In bai taɓa yankewa ba, ko sensar ta mutu, ko wani ya sa hannu ya haɗa wayar kai tsaye, abin da 'yan gareji ke kira dairek.

Saboda haka ka bincika mini, wa ya taɓa wayoyin motar nan? In mutuwa sensar ta yi, ba laifin kowa. In kuwa hannu ne, mai hannun nan bai cancanci a ba shi makullin keke ba, balle na mota.

Ina jiran amsa ranar Laraba.

Sahabi

Yelwa, 3 ga Yuni

Umaru,

Ina fatan kana lafiya. Na san kana lafiya, tun da matarka ta ce kullum kuna waya.

Andrew ya dawo ran Laraba hannu wofi. Ya sake dawowa jiya hannu wofi. Na taka da gwiwar nan har tasha sau biyu, na zauna a bencin masu shayi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Jiya da na matsa masa sai ya ce, "Baba, ni dai na hango shi a garejin masu esi, kansa cikin motar, ban tsaya ba."

To madalla. Ka koma wurin masu gas. Ban yi mamaki ba. Suna da kwalabe masu launi da na'ura mai allura, ni kuwa tsoho ne kurma mai biro. Haka aka yi mini a ma'aikata, a kira ni a tambaye ni, in yi bayani shafi uku, a sa a ƙarƙashin kofin shayi, a je a yi abin da ɗan'uwan wani ya ce. Na saba. Abin da ban saba ba shi ne ɗan 'yar'uwata ya yi mini haka. Layi ɗaya ya isa: Kawu na gode, na samu wanda ya fi ka.

Innarka ba ta san komai ba, ban faɗa mata ba. Zulai'atu tana lafiya, kumburin ya sauka. An fara kamun kifi sosai ta wajen Wara, na sa maka bandar ragon ruwa guda biyu, ba don ka cancanta ba, don na riga na saya.

Sahabi

Minna, 4 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Andrew yana sauke kaya, ina rubuta wannan a kan bonet don kada ya koma ba amsa. Ka yafe mini. Wallahi ba raini ba ne, kunya ce. Na fara rubuta maka sau uku ina yagawa.

Duk abin da ka faɗa haka yake. Na kashe maɓallin a hanyar Bida, kafin minti huɗu iska ta dawo har da ɗan feshin ruwa. Na tsaya da agogo minti goma sha biyar, kwamfuresa bai yanke ko sau ɗaya ba.

Ka tambayi wanda ya taɓa wayoyin. Ni ne na sa aka taɓa.

Cikin azumin bana ne, lokacin zafin nan da ko kwalta narkewa take yi. Sanyin motar ya ragu, yanzu na gane wannan baƙar matatar ce. Dakta tana azumi, tana fitowa daga tiyata a gajiye, ta shiga mota ta rufe ido. Na ji tausayinta, kuma gaskiya ina son ta yaba mini. Na kai motar wurin wani mai esi ba tare da na faɗa mata ba. Ya saurara ya ce, "Ka ji yana yankewa? Wannan sensar ta ƙasar Turawa ce, don masu dusar ƙanƙara aka yi ta. Nan Najeriya dairek muke yi. Duk manyan motocin garin nan ni na yi musu." Na ce ba za ta ɓata komai ba? Ya ce, "Ɓata mi? Sai dai madam ta nemi bargo." Minti goma ya gama.

Kuma Kawu, ta yi sanyi. Har ƙaramar Sallah ba matsala. Dakta ta ce, "Umaru, me ka yi wa motar nan?" Na ce wanke ta na yi. Da ruwa ya sauka abin ya fara, ban taɓa kawo wa raina aikin nan ne ba, tun da sanyi ya ƙara, ba ragewa ya yi ba. Sai da na karanta takardarka, na zo kan maganar makullin keke, na ajiye ta na kasa cin abinci.

Ranar da Andrew ya gan ni, na je ne a mayar da wayar yadda take. Mutumin har gardama ya yi mini, na tsaya a kansa sai da ya haɗa. Sensar lafiyarta lau. Yanzu ina jin ƙas ɗin da ka ce. Na je Suleja na dawo, awa biyu ba tsayawa, iska ba ta ragu ba.

Motar ta gyaru, dillali bai sake zuwa ba. Amma Dakta ta tambaye ni sau biyu mene ne ya lalace, na ce ina kan bincike. Zan iya ce mata sensa ce ta daina aiki, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. In na faɗi gaskiya, na taɓa mata mota a ɓoye, na yi mata ƙarya a cikin azumi, na bar ta tana gumi wata guda. Ina tsoron ta karɓe makullin ko da motar tana sanyi. Me zan yi?

Ɗanka,
Umaru

Yelwa, 7 ga Yuni

Umaru ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardar da na rubuta maka ran Litinin ka sa ta a murhu. Maganar makullin keke kuma da mai garejin nake, ban san kana tsaye a bayansa ba.

Fara da motar. Gas ɗin da aka ɗura mata sau uku ya yi yawa, yana wahalar da kwamfuresa. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ta faɗi nauyin gas ɗin da motar ke ɗauka. Nemi mai esin da ke da sikeli, a zuƙe na ciki a mayar daidai da abin da aka rubuta. In ya ce shi da ido yake aunawa, ka yi masa sallama.

Dalilin da ya sa ba ka ga matsala da azumi ba, iskar lokacin busasshiya ce, ba ruwan da zai daskare. Na san wannan tun kafin a haife ka, kuma ba a littafi kaɗai na san shi ba.

Ka sha jin ina cewa sakacin manya ne ya kashe gidan sanyin Wara. Akwai sakacin, ban janye ba: injin wuta ɗaya, kayan gyara sai an yi wata shida ana roƙo. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Innarka. Wata shekara aka ce manyan baƙi za su zo duba wurin. Ina son su buɗe ƙofa sanyi ya mare su, su tambayi sunan injiniyan. Akwai na'urar da ke tsayar da injin lokaci-lokaci don ƙanƙara ta narke. Na cire ta da hannuna, ni mai takardar shaida daga ƙasar waje. Baƙi suka zo suka yaba, suka tafi, ni kuma na tafi Shanga bikin abokina na kwana uku, na manta ban mayar ba. Farkon damina ne. Da na dawo, tun daga bakin ruwa na ji warin. Kifin masunta sama da talatin.

Aka kafa kwamiti. Na mayar da na'urar kafin su zo, na ce wuta ce ke rawa. Suka yarda, don ni ne mai ilmin. Suka rubuta cewa wurin ba zai yiwu ba sai an kawo sabon injin wuta. Ba a kawo ba, masunta suka daina kawo kifi suka koma banda, bayan shekara biyu aka sa wa wurin kwaɗo. Da na ce ni ne, da wataƙila sun kore ni sun kawo wani, wurin yana nan. Ban ce ba. Na riƙe aikina shekara biyu, ga shi shekara talatin ke nan in na je Wara ba na bin hanyar da ta wuce ta gaban ginin.

Ba zan ce maka in ka faɗa mata ba za ta kore ka ba. Ban san ta ba, kuma na ga an kori masu gaskiya da yawa. Ga haihuwa tafe, na sani. In ta kore ka, ɗakin zaurena yana nan, Andrew ma ya ce yana neman wanda zai riƙa karɓar sa tuƙi. Ba za ku kwana da yunwa ba. Amma in ka ce mata sensa ce, kullum za ka zauna gaba tana baya, kana kallon ta a madubi. Ni na san nauyin wannan zaman.

Ka same ta da safe kafin ta shiga mota, kada ka bari sai kuna tafiya. Kada ka fara da cewa tausayinta ka ji. Faɗi abin da ka yi, ka yi shiru.

Kawunka,
Sahabi

Minna, 11 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. An auna gas ɗin da sikeli, an rage kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na faɗa mata ran Lahadi da safe, a tsakar gida. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ranar da na tambaye ka, ka ce wanke ta ka yi." Na ce haka ne. Ta miƙo hannu, na sa mata makullin. Jiya da kanta ta tuƙa zuwa asibiti, ni ina zaune a benci wurin maigadi.

Yau da safe ta kira ni ta ce, "Ran Juma'a za ka kai mu Birnin Kabi, don ba zan iya doguwar hanya da Hajiya ba. Sauran magana sai bayan Sallah." Ta tambayi wanda ya gano matsalar, na ce kawuna ne a Yelwa, ta takarda. Ta ce, "Ta takarda? Bai ga motar ba?" Na ce bai gani ba. Ta ce tun da hanyarmu ce za mu tsaya ta gaishe ka.

Ban san matsayina ba. Kada ka faɗa wa Zulai'atu komai tukuna. Abin da ka rubuta mini game da Wara yana wurina, ba mai ji.

Ɗanka,
Umaru

Yelwa, kashegarin Sallah

Umaru,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Innarka da Zulai'atu suna gaishe ka, suna suya tun jiya, hayaƙi ya kore ni zuwa zaure. Wani direban Jega zai kawo maka wannan har gidan su Dakta, na kwatanta masa.

Ran Juma'a da ka bar su a ƙofar gidana ka ruga ganin matarka, ka dawo ka tarar da ni a kujerar gaba, ka yi ta kallon fuskata. Ban ce maka komai ba don an ɗaure ni da alkawari.

Hajiya ta ƙi fitowa, ta ce ita nan cikin motar ta fi mata ɗakinta daɗi, ta yi barci tun daga Kontagora. Sai Dakta ta ce in shigo. Na fara buɗe bonet na taɓa bututun da hannuna. Mai kaurin yana raɓa, ba fari ko ɗigo. Na ɗora tafin hannu a kan ƙarfe, ƙas ɗin da ba na ji da kunne na ji shi a hannu, sau huɗu. Aikin ya yi kyau. Rabon da in tsaya gaban injin da ke aiki daidai har na manta daɗinsa.

Ta fara yi mini magana, na nuna mata kunnen. Ta ɗaga murya, Hajiya ta motsa. Sai ta ciro 'yar takardar da suke rubuta magani, tana rubutawa ina amsawa da baki. Ta tambayi inda na yi karatu, na faɗa mata. Ta tambayi yadda na gane ban ga motar ba, na ce kamar yadda take gane ciwon da ke cikin mutum ba ta tsaga shi ba, kuma wanda ya kawo mini bayanin ya iya lura. Ta yi murmushi. Sannan ta rubuta, "In kai ne, za ka riƙe shi?"

Na ce mata, "Likita, ɗan 'yar'uwata ne, shaidata ba ta da nauyi. Ya yi wauta, ya yi miki ƙarya, ba zan rage masa ko ɗaya ba. Amma motar ta riga ta gyaru kafin ya zo miki, da ya yi shiru ba za ki taɓa sani ba. Na yi aiki da mutane masu digiri, ni ma ina cikinsu, ban ga wanda ya zo da ƙafarsa ya ce ni ne ba."

Sai ta rubuta layi biyu ta yage ta ba ni, ta ɗora yatsa a leɓenta, alamar in riƙe sirrin.

Kwana uku takardar tana cikin hulata. Na ga Zulai'atu na yi kamar ban san komai ba, na ci naman Innarka na yi shiru, ni da ban iya riƙe magana ba. Yau Sallah ta wuce, alkawari ya cika. Ga ta nan na naɗe a ciki. Rubutun likita ne, sai ka karkata ta wajen haske, amma in ka kasa, ga abin da ta ce: "Zai ci gaba da aikinsa. Kada ka faɗa masa sai bayan Sallah, shi ma ya ɗan yi gumi."

In kun biyo ta nan za ku koma, ka tsaya ko minti goma ne. Hajiya ta ce tana son kifi, na sa an ajiye mata. Ni kuma ina son in sake ɗora hannu a kan injin nan.

Kawunka,
Sahabi